Gilashin Canon EF 50mm f/1.8 STM da Ɗaukar Hoton Dare

Duk mai ɗaukar hoto da ya taɓa tsayawa gaban teburin mai tsire bayan sallar isha'i ya san matsalar da ta sa na sayi wannan gilashin kyamara (lens) na Canon. Ido yana ganin jan garwashi da hayaƙin da ke tashi da hasken ƙwan lantarki guda ɗaya da ke sauka a kan tiren albasa, amma da zarar an kunna fitilar walƙiya ta kyamara sai fuskoki su yi fari fat, bayansu kuma ya yi baƙi ƙirin, daren ya fita daga hoton gaba ɗaya.

Kamfanin Canon ya fitar da shi a 2015 domin ya maye gurbin samfurin f/1.8 II da ke kasuwa tun 1990. Nauyinsa giram 160 ne, kuma mahaɗinsa da kyamara na ƙarfe ne, saɓanin na roba da tsohon yake da shi. Ni a kan kyamarar Canon EOS 2000D nake ɗaura shi.

Darajarsa tana wajen faɗin ƙofar haske, wadda ake aunawa da lambar f; gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ƙofar. Gilashin 18-55mm da aka saba sayar da kyamarar tare da shi ba ya buɗewa fiye da f/5.6 idan an ja shi zuwa ƙarshensa, shi kuwa wannan yana kaiwa f/1.8, wato hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau goma. Ma'anar haka a aikace ita ce, inda a da sai na kai ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) zuwa 6400, hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, yanzu 800 ya wadatar. Hoton da na fi ƙauna na mai tsiren unguwarmu ne, wanda na ɗauka a f/2 da saurin ɗauka na 1/125 na daƙiƙa. Ana ganin zufar goshinsa da garin ƙuli a yatsunsa, fitilun A Daidaita Sahu da ke wucewa a bayansa kuma sun narke sun zama ƙawanyoyin haske masu taushi. Ban taɓa samun irin wannan da tsohon gilashina ba.

Sai dai yana bukatar mai haƙuri. Idan an buɗe ƙofar baki ɗaya, wurin da ke fita tas ƙanƙane ne ƙwarai, har ta kai ido ya fito sarai amma kunne ya dushe, don haka mutum biyu da ba su tsaya kafaɗa da kafaɗa ba, dole ɗayansu ya yi hazo. Ba shi da na'urar rage girgizar hannu, shi ya sa ba na sauka ƙasa da 1/100 matuƙar a hannu nake riƙe da kyamara. A kan 2000D kuma yana gani ne kamar gilashin 80mm, wato faɗin ganinsa yana raguwa, saboda haka a ƙaramin tsakar gida daren kamu, bango zai tare mutum kafin ya tara ƙawayen amarya a hoto ɗaya.

Ga gine-gine, kamar hasumiyar masallaci da dare, nakan ɗora kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku, in tsuke ƙofar zuwa f/8, in mayar da ISO 100, in bar ta a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi, kuma a nan ne kaifin gilashin yake bayyana sosai.

Wanda aikinsa hoton taron jama'a ne a ɗaki, gilashi mai faɗin gani ya fi dacewa da shi. Wanda kuwa yake son fuskar mutum ɗaya a cikin hasken da ya same shi, ina ba shi shawarar ya saye shi ba tare da shakka ba. Idan na hannu zai saya, ya haska tocila ta cikinsa ya duba ƙura da tabo, sannan ya haɗa da gilashin kariya mai faɗin 49mm saboda ƙurar hunturu.