Waya, tablet ko Kindle: wanne ya dace da littattafanka?

Kafin ka ɗaure kuɗinka ka nufi Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko shagunan waya na Dutse da Haɗejia, fara duba ƙarshen sunan littattafan da aka tura maka. Shi zai faɗa maka abin da za ka saya. Fayil mai ƙarewa da EPUB, TXT ko DOCX rubutu ne sakakke, in ka ƙara girman baƙi sai layuka su sake jeruwa daidai faɗin fuskar wayar. PDF kuwa yadda aka tsara shafinsa haka zai fito. Mafi wuyar sha'ani shi ne PDF ɗin da hoton shafuka aka ɗauka, kamar yawancin littattafan fiƙihu da hadisi na Larabci da ke yawo a WhatsApp da Telegram.

Ga inda gizo ke saƙar. Waya mai inci 6.6 faɗin fuskarta bai wuce santimita 7 ba, alhali takardar A4 faɗinta santimita 21 ne. Shafin zai ƙanƙance zuwa kashi ɗaya cikin uku, wasali ya ɓace, hashiya ta zama sai an ƙura ido. In ka kwantar da wayar za ka sami kamar santimita 15, baƙi ya fito, amma sai ka ja shafi ɗaya sau uku ko huɗu. Tablet mai inci 10 tana ba da wajen santimita 13.5 a tsaye, 21.5 a kwance, kusan girman littafin bugu. Don haka ɗalibin ilimi da malamin makaranta, waɗanda karatunsu PDF ne, tablet ce tasu. Mai karatun littattafan hikaya kuwa wayar da ke hannunsa ta ishe shi, kada ya ɓata kuɗinsa.

In wayar za ka saya, lura da RAM, wato ƙwaƙwalwar da wayar ke aiki da ita. Abin da aka rubuta a kwali "4+4" ba 8 ba ne. Huɗu ne na gaske, sauran aro ne daga ma'ajin wayar, kuma ba su da sauri. Waya mai 2GB za ta buɗe EPUB lafiya lau, don littafin da rubutu ne zalla da wuya ya wuce 2MB, amma in ta haɗu da PDF na hoto mai 80MB sai ta riƙa nuna farin shafi kafin rubutu ya bayyana, wani lokaci manhajar ta rufe kanta. Nemi 4GB na gaske, batir 5,000mAh, da ramin katin memori. Fuska mai 1080 ta fi mai 720 fitar da ƙananan baƙaƙe. Maganar da ake yi cewa baƙin shafi na rage cin caji, a fuskar AMOLED kaɗai take gaskiya. A LCD fitilar baya na kunne ko shafin baƙi ne ko fari, rage hasken shi ne magani.

A wajen tablet a guji masu arhar nan marasa suna da ake tallatawa don yara, Android ɗinsu tsoho ne, sababbin manhajoji kan ƙi hawa. Amazon Fire ma ba ta zuwa da Play Store.

Kindle, na'urar karatun littafi ta kamfanin Amazon, tana da abin da zai ja hankalin mutumin ƙauye: cajinta na yin makonni, kuma ana karanta ta a tsakar rana kamar takarda. Inda wuta sai a wurin mai caji ranar kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai fuskarta galibi inci 6 zuwa 7 ce, tana da nauyin jiki wajen zuƙo shafin PDF, ba ta da ramin memori, ba kuma a tura mata littafi ta Xender. EPUB ma sai an bi ta Send to Kindle, hanyar tura littafi ta Amazon, da intanet, ko an juya shi a kwamfuta da manhajar Calibre. In ta hannu ce, a tabbatar an cire asusun mai ita na farko, a kuma duba fitila, don ƙaramar Kindle ba ta samu fitila ba sai a 2019.

Manhaja kyauta ce, gwaji ba ya cin komai. ReadEra ce za mu fara ba kowa: ba talla, ba rajista, tana aiki ba data, tana buɗe PDF, EPUB, DOCX, TXT, MOBI da DJVU, ta tattaro littattafan da ke warwatse a wayar, ta kuma riƙe shafin da ka tsaya. Moon+ Reader ta fi ta yawan saituna, amma ta kyautar na da talla, talla kuwa data take ci. Lithium mara nauyi ce, sai dai EPUB kawai ta sani. Wanda PDF na hoto ya dama kuma ba shi da halin tablet, ya nemi KOReader ta F-Droid, wata rumbun manhajoji irin Play Store. Tana yanke farin gefen shafi, tana ma iya datsa hoton shafin ta sake jera kalmomin daidai faɗin waya. Saitinta na da wuyar sabo, kuma shafi mai hashiya ko jadawali kan hargitse mata, amma a rubutu miƙaƙƙe ba ta da na biyu.

Littafin da ka saya a cikin wata manhaja, sau da yawa a cikinta yake kulle. Manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, saboda haka kafin ka biya ka tambaya ko za a ba ka fayil ɗin ka ajiye. Wanda marubuciya ta sayar maka kai kaɗai kuma, kada ka watsa shi a guruf, guminta ne.

Sai baƙaƙenmu masu lanƙwasa. In ƙ, ɗ da ɓ suka fito kamar ƙananan akwatuna a EPUB, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da su, sauya shi zuwa Noto Serif ko Charis SIL. In kuwa ka ga } a gurbin ƙ, ] a gurbin ɗ, to da tsohon salon rubutun Hausa aka buga littafin sannan aka juya shi, gyaran ba na manhaja ba ne, sai a nemo PDF na asali.

Ranar saye ka tafi da fayil uku a katin memori: EPUB na Hausa, PDF na Larabci mafi nauyi da kake da shi, da DOCX ɗaya. Buɗe su a gaban mai shago, ka tsallaka shafi na 200 ka ga ko na'urar za ta tsaya tunani, ka fita da ita bakin ƙofa ka duba ko rubutu na ganuwa a rana. Katin memorin da za ka saya ma a gwada shi, don na jabu kan nuna 64GB alhali cikinsa bai kai 8 ba, sai ya fara lalata fayil da zarar an wuce ainihin girmansa. A loda masa abin da ya haura rabi, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe a gani.