Bas da adaidaita a titin Zariya: yadda na same su bayan na ajiye mota

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta wuce dubu, na rage fita da motata sosai. Gidana yana can cikin Na'ibawa, shagona kuma a Kantin Kwari, duk a nan Kano. Yanzu tafiyata hawa uku ce: ɗan adaidaita ya fito da ni daga unguwa zuwa bakin titin Zariya, in hau babbar bas, in sauka kusa da kasuwa in ƙarasa da ƙafa.

Ta fuskar kuɗi bas ɗin ta biya ni. Ko an haɗa da na adaidaitar unguwa, abin da nake kashewa bai kama ƙafar kuɗin man da motata ke sha a cunkoson Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi ba. Na kuma huta da neman wurin ajiye mota a Kwari, wanda duk ɗan kasuwar ya san wahalarsa. Wani alherin da ban yi tsammani ba shi ne numfashi. A cikin adaidaita hancinka yana daidai da salansar motar da ke gabanka, a bas kuwa kana sama, hayaƙin bai cika isowa gare ka ba. Kuma bas guda tana kwashe mutanen da sai an jera adaidaita fiye da goma kafin su ɗauke su, kowacce da injinta tana ƙona mai.

Inda take cutar da ni shi ne lokaci. Babu mai iya gaya maka ƙarfe nawa za ta zo, har shi kwandastan. Wata rana kana isowa tana isowa. Wata rana ka tsaya har rana ta ɗaga, babu rumfa babu benci, 'yan adaidaita suna ta rage gudu a gabanka suna cewa, "Alhaji, Kwari ne? Saura mutum ɗaya." A nan ake rasa fasinja. Na sha ganin ma'aikata da ɗalibai sun jira sun gaji, sun faɗa adaidaita sun biya ƙari, saboda maigidansu ko malaminsu ba zai karɓi uzurin bas ba. In ta zo ma, wani direban sai ya tsaya lodi a kowace mahaɗa har ta cika maƙil. Dattijai da mata masu goyo su suka fi shan wuya wajen hawa, don turereniya ake yi. Na dai yaba da yadda samari ke tashi su ce, "Baba, zo ka zauna," ba tare da an roƙe su ba.

Mutanen Kano ba haka kawai suka rungumi adaidaita ba. A zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da ita ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, domin mata su samu abin hawa su daina hawa acaɓa. Da aka hana acaɓa a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, sai ta gaje garin baki ɗaya. Tana shiga lungu, tana tsayawa inda ka ce, ba ka jiranta. Shi ya sa a ƙarshen Nuwamba 2022, da aka sanar da hana ta bin wasu manyan tituna don a bar wa bas-bas, ba a je ko'ina ba aka janye dokar. Bas ɗin ba su wadata ba, kuma ba za su kai kowa ƙofar gidansa ba.

A ganina kowacce da aikinta. Dogon titi irin na Zariya, Katsina, Gwarzo da Haɗeja na bas ne, cikin unguwa na adaidaita ne. Abin da ya rage shi ne mahaɗar tsakaninsu: tasha mai inuwa, wurin da 'yan adaidaita za su jira fasinja ba tare da sun tare hanya ba, da lokacin tashi da aka rubuta aka kuma kiyaye. Da za a ce duk minti goma sha biyar bas za ta wuce Na'ibawa da safe, da yawa daga maƙwabtana masu mota za su bar ta a gida.

Wanda yake da sararin fitowa da wuri kuma ba ya ɗauke da kaya, ina ba shi shawarar ya gwada, ya kuma riƙe canji a aljihu. Ni dai ranar da zan taho da dilar atamfa, ko hadari ya haɗo da yamma, shatar adaidaita nake ɗauka har gida.