Rigakafi mai rai da marar rai: BCG da Penta

A ɗakin rigakafi, ko a Rigasa ko a Kawo da ke Kaduna, jariri yana karɓar allura iri biyu, mai rai kamar BCG da marar rai kamar Penta, aikinsu kuma ba ɗaya ba ne.

BCG tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Ana yin ta da haihuwa, mililita 0.05 cikin fatar dantse, daga baya wurin ya yi ɗan ƙurji ya bar tabo. Don tarin fuka aka yi ta, amma binciken masani Peter Aaby a ƙasar Gini-Bisau ya nuna mutuwar jariran da suka samu ta da wuri tana raguwa fiye da abin da tarin fuka kaɗai zai bayyana. Bayanin masana shi ne tana horar da fararen ƙwayoyin jini masu fara tarar cuta, su ƙara kuzari kan wasu cututtukan. Kada dai a zuzuta, gwaji lokacin korona bai nuna tana kare mutane daga korona ba. Matsalarta a aikace: kwalba ɗaya ta yara 20 ce, idan an dama ta sai a zubar bayan awa 6, shi ya sa ake ware mata rana, jariri ya yi ta jira.

Penta kuwa ba mai rai ba ce. Mililita 0.5 a tsokar cinya, a mako 6, 10 da 14. Tana kare mashaƙo, tarin shiƙa da wasu uku, abin da BCG ba ta yi. Ƙanƙara na lalata ta, don haka ba a jingina ta da ƙanƙara cikin kula, wato akwatin sanyi.