Internet Archive: rumbun da ya dawo mini da muryoyin faifan garmaho

Takaici ne ya kai ni shafin Internet Archive. Na shafe kusan shekara biyu ina tara tsofaffin waƙoƙi a wata manhajar sauraren kiɗa da nake biyan kuɗinta duk wata. Na jera su yadda raina ke so, na safiya daban, na dare daban. Wata rana na buɗe, sai na tarar guda goma sha ɗaya sun dusashe, sunayensu na nan amma ko sau goma ka danna ba sa motsi. Na rubuta wa masu manhajar, suka amsa mini da layi biyu, wai yarjejeniyarsu da mai haƙƙin waƙoƙin ta ƙare. Ranar na gane ashe haya nake biya, ko waƙa ɗaya ban mallaka ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Cikin fushi na faɗa ɗaya daga cikin shafukan nan na masu satar fasaha. Maɓallin saukewa huɗu ne a fuskar shafin, uku na bogi. Abin da na sauke ya shigo mini da cutar kwamfuta, na yi yini guda ina wanke ta, waƙar kuma ba ta zo ba. Ban sake komawa ba.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada archive.org. Yau shekara uku ke nan da kyar rana ta fito ta faɗi ban leƙa ba.

Shi ne shafin Internet Archive, ƙungiya ce da ba riba take nema ba. Brewster Kahle ne ya kafa ta a 1996 a birnin San Francisco na Amurka, hedkwatarta kuma tana cikin wani tsohon ginin coci. Yawancin mutane da Wayback Machine suka san ta, wato ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, wadda ta cika shafi tiriliyan ɗaya a watan Oktoban 2025. Bayan wannan akwai littattafai, finafinai, shirye-shiryen rediyo na da, tsofaffin wasannin kwamfuta, da kiɗa. Babu talla, babu kuɗin wata, kuma yawancin abubuwan ba sai ka yi rajista ba kafin ka saurara ko ka sauke.

Ni inda zuciyata ta yada zango shi ne sashen da suke kira Great 78 Project. Aiki ne na ceto faya-fayan garmaho masu juyawa sau 78 a minti, waɗanda aka yi ta bugawa tun ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1950. Da wani irin ƙaro da ƙwaro ke fitarwa ake yin su, gauraye da garin dutse, shi ya sa suke da nauyi, kuma in ɗaya ya suɓuce ya faɗi, fashewa yake kamar tangaran. Yawanci kowane gefe ba ya wuce minti uku da 'yan kai. Sun kwafe fiye da guda 400,000 sun mayar da su fayil, tare da kamfanin George Blood da ke jihar Pennsylvania.

Yadda suke aikin ne ya sa na ba su girma. In ka buɗe shafin faifai guda, abu na farko da za ka gani shi ne hoton takardar da ke manne a tsakiyarsa, da tabonta, da yagewar gefenta, wani lokaci har da sunan da wani mai shi ya rubuta da alƙalami tun kafin a haifi kakanninmu. A ƙasa kuma za ka tarar an ɗauki waƙar sau huɗu, da allura huɗu masu kauri daban-daban. Dalili shi ne kamfanonin wancan zamani ba su daidaita faɗin ramin da allura ke bi ba, allurar da ta dace da wannan faifan ba lallai ta dace da wancan ba. Injiniyan ya nuna wadda ya fi so, amma sauran ukun suna nan, ka saurara ka zaɓa da kunnenka. Akwai ƙaramin fayil na MP3 ga mai lallaɓa data, akwai babba na FLAC ga mai son ajiya.

Daren farko da na saurari wani faifai na farkon shekarun 1920, na sa abin kunne na kashe fitila. Da fari ba ka jin komai sai shuuu, kamar yayyafi a kan kwanon rufi. Sai kiɗa ya taso can nesa, sai muryar wata mace ta biyo baya. Kafin 1925 ba a ɗaukar faifai da makirufo, mawaƙi tsayawa yake gaban wani ƙaton ƙaho ya rera da ƙarfinsa, muryar ce da kanta ke tura allura ta yanka layi a jikin kakin. Saboda haka abin da ya shiga kunnena ƙarfin ƙirjinta ne kai tsaye. A tsakiyar baiti na biyu na ji ta ja numfashi. Mahaifina yana da garmaho lokacin ina yaro, na tuna yadda yake goge faifai da gefen rigarsa kafin ya ɗora. Na zauna shiru har waƙar ta ƙare, na sake kunna ta da allura ta biyu.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tun 2012 shafin yana ba da damar sauke kaya ta hanyar toren, wato BitTorrent. Bram Cohen ne ya ƙirƙiro tsarin a 2001. Ana yayyanka fayil gutsi-gutsi, duk wanda ya samu gutsure sai ya miƙa wa na gaba, don haka yawan masu nema ba ya danne hanyar, ƙara mata gudu yake. A da ni ma in na ji an ce toren, sata ce ke zuwa mini a rai. Ba banza ba kuwa. Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta, ta fito a 1999, kotu ta durƙusar da ita a 2001. Daga 2003 ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta Amurka, RIAA, ta yi ta maka dubban mutane a kotu ɗaya bayan ɗaya, har wata mata mai suna Jammie Thomas-Rasset ta ƙare da hukuncin biyan dala 222,000 a kan waƙa 24. An ɗaure waɗanda suka kafa shafin toren na The Pirate Bay bayan shari'ar 2009 a Suwidin, an rufe shafin musayar fayil na Megaupload a Janairun 2012. Duk wannan ya shafa wa hanyar baƙin jini. Amma wuƙar da ɓarawo ya riƙe ita ce mahauci ke aiki da ita. A nan na fara sauke abu ta toren hankalina kwance, domin na san abin da nake ɗauka mai shi ya sake shi, ko kuma wa'adin haƙƙinsa ya cika.

Ba zan ɓoye ba, ita ma Internet Archive ta sha zaman kotu. A watan Maris na 2020, lokacin kullen korona, ta cire ƙa'idarta ta cewa littafi ɗaya mutum ɗaya zai ara a lokaci guda. A watan Yuni manyan kamfanonin ɗab'i huɗu suka kai ta ƙara: Hachette, HarperCollins, Wiley da Penguin Random House. Ta faɗi a 2023, aka janye littattafai fiye da 500,000 daga aro, ta ɗaukaka ƙara, ta sake faɗuwa a Satumban 2024. A wannan, ra'ayina shi ne ta yi gaggawa. Niyyar mai kyau ce, amma marubucin da ke raye yana cin abinci da littafinsa, kuma ba a yin kyauta da kayan wani.

Shari'ar faya-fayan garmaho kuwa daban na ɗauke ta, har ta hana ni sukuni. A watan Agustan 2023 Universal Music Group da Sony Music da wasu kamfanoni suka shigar da ƙara a kan waƙoƙi 2,749, daga baya suka ƙara adadin. Dokar Amurka ta yarda a nemi diyyar da ta kai dala 150,000 a kan kowace waƙa, ka lissafa ka gani, ɗaruruwan miliyoyi ne, kuɗin da zai iya rufe rumbun gaba ɗaya. An sasanta a Satumban 2025 ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba.

Na yarda kamfanonin suna da haƙƙi a takarda. Abin da nake tambaya shi ne, wa ke adana waɗannan muryoyi in ba irin wannan rumbu ba? Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka na zamanin da ba sauti sun ɓace ɗungurungum. A 2008 gobara ta tashi a harabar Universal Studios ta cinye wata ma'ajiya mai ɗauke da ainihin kaset-kaset na asali na mawaƙa masu yawa, kuma sai a 2019 jaridar New York Times ta fito da girman asarar. Kamfani abin da zai sayu yake sake bugawa. Muryar matar nan da na ji tana jan numfashi ba za ta sayu ba, kuma ban ga wanda ya bar sayen sabuwar waƙa don ya samu faifai mai shuuu kyauta ba.

Doka ma ta fara sassautawa. A ƙarƙashin wata doka ta 2018, duk sautin da aka fitar a Amurka kafin 1923 ya zama na kowa da kowa ranar 1 ga Janairun 2022. Na 1923 ya biyo baya a 2024, na 1924 a 2025, haka za a yi ta tafiya shekara bayan shekara. Ni yanzu Janairu wata ne da nake ɗoki.

Ga mai son gwadawa, akwai abin da ya kamata ya sani. Shafin ba irin manhajojin nan ba ne da ke zaɓo maka abin da za ka ji, ɗakin karatu ne, sai ka yi haƙurin tono. Da yake kowa na iya ɗora kaya, za ka ga abu ɗaya da suna uku, ko shekarar da ba daidai ba. Kuma ganin abu a can ba hujja ba ce cewa ya halatta ka ɗauka ka sa a bidiyonka, wani ɗora shi kawai aka yi, mai haƙƙin bai kai ga neman a cire ba. Ka tsaya a sassan da ƙungiyar da kanta ke kula da su, ka duba shekara da bayanin lasisi. A watan Oktoban 2024 masu kutse sun kai wa shafin hari, suka kwashe bayanan asusu miliyan 31, ya yi kwanaki a rufe. In za ka yi rajista, ka ba shi kalmar sirrin da ba ka amfani da ita a ko'ina.

Har yanzu ina biyan kuɗin wata don sababbin waƙoƙi, domin masu yin su suna raye kuma guminsu ne. Tsofaffin kuwa na saya musu faifan ajiya na waje, duk wanda wa'adinsa ya cika na sauke babban fayil ɗin har da hoton takardarsa. In na gama saukewa ba na rufe manhajar toren, barin ta nake ta kwana a kunne. Jiya da safe na duba, na ga wani tarin faya-fayan 1922 da na ɗauko ya fita daga kwamfutata ninki bakwai na abin da ya shigo, ga wasu mutum biyu kuma suna tsakiyar ja, ɗaya ya kai kashi 40. Na jona caja na bar musu ita.