Bitar ambaliya da aka yi mana a Zariya: ta yi, amma fa da gyara

Ga masu tambayata ta inbos ko bitar nan ta kare kai daga ambaliya da sauyin yanayi tana da amfani ko ɓata lokaci ce, to ga amsa a fili kowa ya gani: in an gayyace ka ka je. Kyauta ce, wata ƙungiya ce mai zaman kanta ke shiryawa, ba zan ambaci sunanta ba tunda ina da ƙorafi a kansu. Mai unguwarmu ne ya sa sunana a madadin matasa, mun haɗu da mutanen Tudun Wada, Gyallesu, Sabon Gari, Samaru har da manoman bakin kogin Galma, ga kuma ma'aikatan gwamnati da ofisoshinsu suka turo.

Ranar farko kam gaskiya barci ta sa mutane. Majigi kawai ake ta haskawa, ana bayanin yarjejeniyar Sendai ta rage haɗarin bala'o'i da ƙasashen duniya suka amince da ita a Japan a 2015 wadda za ta kai 2030, sai tarihin NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, da aka kafa a 1999, sai wane ofis ke ƙarƙashin wane. Ba wai ƙarya ba ne, amma dattijon da ke kusa da ni katangar gidansa ce ta zube bara, ba Japan ce ta dame shi ba. Abu ɗaya da na tsinta shi ne ashe duk farkon shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina, lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda za a samu tsaikon ruwa a tsakiya, NIHSA kuma, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, na fitar da nata na wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Wallahi da yawanmu ba mu taɓa jin ta biyun ba.

Inda bitar ta ci sunanta shi ne da aka fito da mu daga zauren. Wata Malama ce ta ja mu, ba ta da yawan surutu, ta raba mana kwali da maka ta ce kowace unguwa ta zana kanta, ina ruwa ke shigowa, ina yake kwanciya, gidan wa ke da tsoho ko mara lafiyan da ba zai iya gudu ba, wane masallaci ko firamare ke kan tudu. Daga nan muka bi lambatu da ƙafa. Mun tsaya kan wani kwalbati da kullum muke wucewa ta kansa a mashin, ta sa wani yaro ya zura sanda, sandar ko rabi ba ta shiga ba ta tokare, ledar fiya wata ce da yashi da tsumma sun cushe shi tam. Ta ce to ruwan da ya zo nan ina kuke so ya bi in ba zauren Alhaji ba? Kowa ya yi dariya amma dai jiki ya yi sanyi. Ta kuma taɓo maganar kududdufan cikin birni da ake ta cikewa da bola ana yanka filaye, ta ce kakanni da suka haƙi ƙasar gini suka bar ramin, nan ruwan unguwa ke sauka, in ka cike shi ruwan bai fasa zuwa ba. Nan ne wani ya ɗan harzuƙa don da alama yana da fili a irin wurin, sai da aka ba shi baki.

Ta koya mana abubuwa ƙanana da ba sa cin kuɗi. A shafa fenti a jikin falwaya daidai inda ruwa ya taɓa kaiwa, in ya doshi wurin a fara fitar da yara. A kashe wuta daga mita kafin ruwa ya kai soket. Takardun gida da na makaranta a ƙulle a leda a rataye sama. Kar a ratsa ruwa mai gudu, santimita 15 kacal na iya kayar da ƙato, balle ɗan makaranta a bakin kogin Kubanni. Bayan ruwa ya janye kuma rijiya ta riga ta haɗu da masai, sai an tafasa, in gudawa ta kama yaro a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri kafin a kai asibiti. Manoma su ma sun samu nasu, an yi maganar iri mai saurin nuna irin su masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da IAR, cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello, ke fitarwa, abin haushi ga su nan Samaru a ƙofar gida amma wasu sai a bitar suka fara jin sunan.

Yanzu ƙorafi. Manyan da aka turo daga ofis, waɗanda su ne ke da ikon sa hannu a kawo motar kwashe shara ko a hana gini a hanyar ruwa, ana gama buɗe taro da ɗaukar hoto suka sulale, ba mu sake ganinsu ba sai ranar satifiket da kuɗin mota. To mu da muka zana taswirar wa za mu miƙa wa? Aikin gayya zai yashe lambatu, amma ba zai faɗaɗa kwalbati ba. Mata ma ba su da yawa, alhali su ne a gida in ruwa ya shigo da rana. Abinci ba laifi, shinkafa ce da ɗan nama, sai dai sai bayan la'asar take isowa. An buɗe mana guruf a WhatsApp wai don gargaɗin gaggawa, yanzu ba abin da ake turawa sai barka da Juma'a da tallan atamfa.

In maki ne na ba su 7 cikin 10, kuma kusan duk na Malamar nan ne. Shawarata gare su su daina sa bitar a tsakiyar Agusta lokacin da ruwa ya riga ya yi ɓarna, su dawo da ita Maris ko Afrilu da lambatu ke bushe ana iya yashewa, su kuma riƙe satifiket ɗin duk wanda bai taka ƙafa ya bi lambatun da mu ba.