Fom ɗaya, maɓallai uku: wace hanya za ka bi?

A ce fom ɗin rasit ne a manhajar shago ta intanet, a ƙasansa akwai maɓallai uku: Ajiye, Ajiye ka aika, da Goge. Bayanan da ke ciki iri ɗaya ne, amma abin da sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, za ta yi da su ya sha bamban. Hanyoyi uku aka fi bi, kuma kafin ka zaɓa, tambayi kanka: ayyukan nan 'yan gida ɗaya ne, ko kowane da nasa sha'ani?

Hanyar da ta fi araha ita ce ka raɗa wa kowane maɓalli suna. Burauza tana aika name da value, wato suna da ƙima, na maɓallin da aka danna ne kaɗai, sauran ko ambatonsu ba ta yi. Haka shafin admin na Django, wani tsarin gina manhajojin intanet, yake aiki: maɓallansa na ɗauke da sunayen _save, _continue da _addanother, duk suna ajiyewa, bambancin kawai inda za a kai ka bayan an gama. Adireshi ɗaya, tantancewa ɗaya, ba ruwanka da JavaScript. Idan ayyukanka irin Ajiye da Ajiye ka aika ne, tsaya nan, kada ka wahalar da kanka.

Sai dai akwai rami. A Rails, wani tsarin irin Django, params[:commit], inda sabar ke duba maɓallin da aka danna, yana zuwa ne da rubutun da ke jikin maɓallin. Wanda ya gina sharaɗinsa a kan wannan rubutu, ranar da aka ƙara wa shafin Hausa da Faransanci don abokan ciniki na Kano da Maraɗi, sharaɗin zai daina aiki shiru, babu wani saƙon kuskure. Yi amfani da alamar button ta HTML, ka ba shi value da ba ya canzawa, rubutun da mutane ke gani kuma ya zauna daban.

Goge fa? Shi ba ɗan gidan ba ne. Yana buƙatar izini na daban, kuma bai damu da ko an cike sunan mai saye ba. A nan hanya ta biyu, formaction, ke da amfani, wanda ya zo da HTML5 da aka tabbatar a 2014: maɓallin da kansa yake faɗin adireshin da za a tura fom ɗin, ya yi watsi da na fom. Ka haɗa masa formnovalidate, sai burauza ta daina cewa a cike gurbin da aka bari. A Razor Pages na ASP.NET Core, wani tsarin gina shafuka, asp-page-handler shi yake rubuta maka wannan, ya kai aikin ga irin su OnPostDelete. Ni formaction na fi so ga duk aikin da ke ɓarna, domin izininsa na zaune a wurinsa, ba a binne cikin jerin sharuɗɗa ba. Masu tsarin Laravel su kula: ɓoyayyen gurbin _method da aka sa wa PUT, wato buƙatar sabunta bayani, yana bin kowane maɓalli, har da wanda ka tura hanyar gogewa, sai hanyar ta ƙi karɓa.

Ta uku ita ce JavaScript, ko htmx, wani ƙaramin kayan aikin JavaScript, inda za ka sa hx-post a kan kowane maɓalli. Shafi ba ya sake lodi, kuma yana da kyan gani. Tsadarta ita ce dogaro: idan netwok ya yi rauni fayil ɗin JavaScript bai sauko ba, maɓallin ya zama hoto. Sannan form.submit() ba ya aika sunan maɓalli, sai requestSubmit() da aka miƙa wa maɓallin. Haka nan idan ka kashe maɓalli kafin fom ya tafi don hana danna sau biyu, sunansa ba zai isa sabar ba. Ban ga dalilin sayen wannan rigima ba sai in shafin dama a kan JavaScript yake tsaye.

Kowace ka ɗauka, gwada abu ɗaya kafin ka miƙa aiki. Sa alamar rubutu a gurbin farashi ka danna Enter. Burauza za ta yi kamar an danna maɓallin aikawa na farko a cikin HTML, ba wanda ya fi girma a ido ba. In Goge ne a gaba, mai shago zai share rasit yana tsammanin ajiyewa ya yi. Sa Ajiye farko a rubutun, in ya so ka jera su yadda kake so da CSS, mai tsara kamannin shafi.