Yawon kwana ɗaya a duwatsun Sikotlan da direba na kanmu

Gaskiya da farko na ga kuɗin ya yi yawa, fam ɗin nan ba wasa ba ne, amma da yake mu huɗu ne muka raba sai abin ya zo da sauƙi. Ƙarfe takwas na safe direban ya ɗauke mu a Edinbura, dattijo ne mai barkwanci, shi ne direba shi ne mai yi mana bayani, kuma duk inda muka ce tsaya sai ya taka birki, wanda a babbar bas ba za ka samu haka ba.

Gilenko, wani kwari a tsakanin duwatsu, shi ne ya tafi da imanina wallahi. Duwatsu uku a jere da suke kira 'yan'uwa mata uku, hazo ya rufe kawunansu, ruwa na gangarowa kamar farin zare. A nan direban ya ba mu labarin 1692, yadda sojoji suka kwana kusan sati biyu a gidajen dangin MacDonald suna cin abincinsu, sannan da asuba suka far musu suka kashe da dama daga cikinsu. Jikina sai da ya yi sanyi.

Dutsen Ben Nebis kuwa, mai tsayin mita 1,345, gajimare ya ɓoye shi, gindinsa kawai muka gani.

Abin da ya ba ni haushi ƙananan ƙwarin nan masu cizo, sun yi mana kaca-kaca a bakin tafki, kuma bai gargaɗe mu ba tun farko. Ku tafi da maganin shafawa da rigar ruwa, zaman motar ma da tsawo, sai wajen takwas na dare muka dawo.